Kwana Uku Don Ɗumama Doris

Matatar gas, 4 ga Maris

Narelle 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Callum da wannan karen naku marar kunya. Mu nan zafi ne da ƙudaje.

Jiya muna shan shayi manaja ya ce za a kashe Doris. Kin san labarinta, injin sanyin da nake kula da shi shekara talatin da ɗaya, mai sanyaya gas har sinadarin itan da ke cikinsa, wanda ake roba da shi, ya koma ruwa mu ware shi. Wai wani a hedikwata ya buga lissafi ya ce ware itan ya daina biya, gara a bar shi ya bi bututu a ƙone a murhun mutane. Gas ɗin tukunyar girki za a ci gaba da cirewa, shi ba ya bukatar sanyi can-can. Ni ma ba ya bukatata.

Abokin aikina Stavros ya ce, "Nev, wanda ya rubuta wannan ko sifana bai taɓa riƙewa ba." Na ce, "Ko ƙanƙarar jikin bututu bai taɓa gani ba, ɗan banza!" Tunda ke ma a hedikwatar kike aiki, nemo min sunansa. Ba dukansa zan yi ba, kallonsa kawai nake so in yi.

Mahaifinki,
Neville

Adelaide, 9 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwarka ta yi sauƙi.

Ba sai na nema ba. Ni ce.

Sau huɗu na sake lissafin nan ina fatan in ga kuskure. Tun da masana'antar roba ta rufe, mai sayen itan ɗinmu ɗaya ya rage, kuma ya san shi kaɗai ne, abin da ya ga dama yake bayarwa. Gas ɗin da ake ƙonawa don a juya Doris ya fi abin da take warewa tsada. In aka bar itan cikin gas kuwa, sayar da shi za a yi ba a kashe komai ba. Na so in ba wani ya sa hannu, sai na ji kunyar ɓuya a bayan mutum.

Na san da guminka a gefen Doris na yi karatu. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka har na gode Allah. Ka zage ni in kana so, amma don Allah kada ka yi shiru. Tun rasuwar Mama shirunka nake tsoro.

'Yarka,
Narelle

Adelaide, 27 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Jirgin ma'aikata ya dawo sau biyu babu takardarka, hutunka ma ba ka sauka wurinmu ba. Callum ya ce in bar ka ka huce. Na kasa.

Narelle

Matatar gas, 2 ga Afrilu

'Yar ofis,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Sati guda ko Stavros bai ji muryata ba, ya ce ya samu lafiya. Daga baya na karɓi rahotonki wurin manaja, na zauna da fensir ina farautar inda zan kama ki. Kullum Stavros sai ya leƙo, "Ka samu?" In ce masa ya tafi ya ba ni wuri. Lissafinki daidai ne, yarinya. Na daɗe ina ganin tankin yana cika babu mai ɗauka, na kawar da kai.

Amma na kama ki a shafi na sha ɗaya. Kin ba da kwana ɗaya a kashe Doris. Haba, Narelle! Ƙarfen da ya yi shekaru cikin wannan sanyi, ki ɗumama shi rana guda? Mahaɗan bututun za su saki, wani wurin ya tsage, kuma ranar da farashi ya juyo babu abin da za ku tayar sai ƙaruffa. Kwana uku ake yi, a hankali, mutum yana bin ƙanƙarar da ido tana ja da baya daga bututu zuwa bututu. Wannan babu shi a takarda, a ƙafa ake koyonsa.

Ki gyara. Kuma kada a turo min 'yan kwangila, ni zan yi da hannuna. Abin da nake roƙo ke nan.

Mahaifinki, duk da haka,
Neville

Adelaide, 8 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa da godiya. Na gyara, na faɗa musu wanda ya kama ni. An amince da kwana uku, kuma kai ne za ka yi.

Na nemi kujera a jirgin Talata. Tun ina rarrafe Doris take raba ni da kai sati bibbiyu, ban taɓa ganinta ba. In ba ka so in zo, ka faɗa.

Narelle

Matatar gas, 11 ga Afrilu

Narelle 'yata,

Na gaishe ki. Na ajiye miki hular kwano da safar hannu. Na faɗa wa manaja ba zan taɓa komai ba sai kin sauka, ina so ki sami Doris da ƙanƙararta.

Babanki