Na yi wa Gidan Lilo alƙawarin taron sunan jikata

Assalamu alaikum Gwaggo Nafisat. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin Asabar mai zuwa ce ranar suna, ni kuwa na riga na ɗaure kaina da bakina. Ki yi haƙuri da rubutuna. Da furfurata na shiga makarantar yamma ta manya bayan na ajiye tuƙin babbar mota, don haka yadda magana ta zo mini haka nake zuba ta.

Da farko ki taya ni murna. Allah ya ba ɗana Aboubakar 'ya mace, bayan dogon jiran da har mun daina tambaya. Matarsa Ruƙayyat lafiya lau, jaririya lafiya lau, ga gashi baƙi wuluk, ga dogon hanci irin na gidanmu. Mai zemijan ɗin, wato ɗan acaɓan da ya kai ni asibiti, sai da na rungume shi, alhali ban taɓa ganinsa ba. A cikin wannan murnar ce na yi katoɓarar.

A bakin unguwarmu, Zongon Lome, akwai wurin wasan yara da muke kira Gidan Lilo. Mai wurin, Tchakoura, abokina ne, benci ɗaya muka zauna a makarantar yamma muna koyon baƙaƙe. A lokacin shi mai walda ne. Da hannunsa ya ƙera lilo na farko a wani fili da ake zuba shara, yara suna hawa da 'yan canjinsu. Daga nan matan kasuwa suka saka masa kuɗin adashensu, ya sayo dawakan ƙarfe masu juyawa. Sai banki ya shigo, aka zo da ɗan jirgin ƙasa da ƙananan motoci masu karo da juna. Kafin mu ankara an zagaye wurin da katanga, an kafa wata ƙatuwar ƙafa irin ta keke, mai juyawa sama da mutane a kujeru, da ake hangowa tun daga bakin titi. Ni ma na hau ta, na ga rufin Zongo gaba ɗaya a ƙarƙashina, na yi ta salati har aka sauke ni. Bana sun gina zauren biki, kuma suna so su sayi filin baya su yi tafkin wanka. Aboubakar a can yake aikin wutar lantarki, an ce idan sabon ɓangaren ya tabbata shi zai shugabanci masu wutar.

Daga asibiti na biya in yi wa Tchakoura albishir. Ya yi murna ƙwarai. Sai ya gaya mini cewa a ranar Asabar ɗin nan masu zuba jari za su zo daga Accra da Abidjan, kuma ba za su saki kuɗin sabon ɓangaren ba sai sun ga da idonsu cewa mutanen unguwa sun karɓi zauren, suna yin biki da suna a cikinsa. Ya ce in kawo sunan jikata can, zaure kyauta, abinci kyauta, yara su hau komai har yamma. Gwaggo, ban ko haɗiye yawu ba na amsa. Muka yi musabaha a gaban ma'aikatansa, har fatiha na sa aka shafa. Kafin magariba an rataye sanarwa a ƙofar shiga.

Washegari wata ma'aikaciyarsu ta zo gida da ƙa'idojin wurin. Ta kawo robobin ɗaurawa a hannu guda ɗari da hamsin, wai sai mai roba mai gadi zai bari ya wuce. Ba a buɗe ƙofa sai hantsi. Ba a yanka a ciki. Kuma mai hoto zai ɗauki uwa da jaririya don a sa a allon talla.

Ke kin san sunan Zongo ba da katin gayyata ake yinsa ba. Goro da dabino ake rabawa, a faɗa a masallaci, bayan sallar asuba kowa ya zo ƙofar gida ya sami tabarma. Zabarmawa su zo, Kotokoli su zo, Mosawa da Yarbawa, har maƙwabtanmu Ewe da ba sa salla suna zuwa su sha koko su ci ƙosai. Ga dangi daga Bè da Kodjoviakopé, ga na Aflao da za su tsallako iyaka. Babu gidan da ban ci goron sunansa ba a layinmu. To wa zan ɗaura wa roba, wa zan bari a bakin katanga yana leƙe?

Uwargidana Adjara ta zuba robobin a kwano ta rufe da faifai. Ta ce ba za a ɗauko mai jego daga ruwan zafi a kai ta ƙarƙashin lilo ana ɗaukarta hoto ba, tun daga nan kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mahaifiyar Ruƙayyat a allon ƙofar Gidan Lilo ta ga labarin sunan jikarta, ta zo barka ba ta ko zauna ba. Aboubakar shi ya fi ba ni tausayi. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda na yi daidai ne.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son wurin nan, ina alfahari da abokina. Idan na janye, na saɓa alƙawarin da aka shafa wa fatiha, mai yiwuwa baƙin su tafi da kuɗinsu, jarin matan kasuwa da aikin ɗana su shiga wani hali. Idan na cika, na rufe wa unguwata ƙofa ranar da na fi kowa farin ciki. Yaya zan yi?

Kaka mai murna, Zongon Lome

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Barka da arziki, Allah ya raya ta. Na tsallake wasiƙun da ke gaban taka saboda lokacinka ya ƙure.

Bari in fara da abin da ba ka ambata ba. Ka lissafa Tchakoura, da baƙinsa, da unguwa, da Mama Adjara, amma ban ga inda ka tambayi Ruƙayyat ba. Ita ta haihu, fuskarta da ta 'yarta ake so a sa a allo. Taron nan na iyayen yarinya ne, kai mai taya su tsayawa ne, don haka ka yi kyauta da abin da ba naka kaɗai ba. Amsar Aboubakar kuma kada ka ɗauke ta yarda. An sa shi tsakanin mahaifinsa da maigidansa, wanne zai iya ce wa a'a?

Shi ma Tchakoura ban ga mugunta a wurinsa ba. Ya gina abin da unguwa ke amfana da shi, akwai guminsa a ciki da na matan da suka amince masa, kuma alƙawarin da ka yi masa a gaban ma'aikatansa yana da nauyi. Ba daidai ba ne ya wayi gari ranar Asabar da zaure babu kowa.

Ga abin da nake gani. Yau ɗin nan ka shiga ɗakin mai jego tare da Mama Adjara, ka ba Ruƙayyat haƙuri, ka aika wa mahaifiyarta goro da ban haƙuri. Ka gaya musu raɗin suna, da yanka, da aski, duk a ƙofar gida za a yi su da safe kamar yadda aka saba, kowa ya zo. Uwa da jaririya ba inda za su, hoto kuma babu sai in iyayen ne da kansu suka so.

Daga nan ka taka da ƙafarka wurin Tchakoura. Kada ka kira a waya, kada kuma ka aiki Aboubakar, ka cire yaron nan daga tsakiya. Ka ce masa ka yi gaggawa, ga abin da za ka iya cikawa: da rana, bayan an watse daga gida, za ka jagoranci yaran unguwa da iyayen da suke so zuwa zauren a yi walima. Robobin a ɗaura wa yara, manya masu rakiya ya ba mai gadi umarni ya bar su. Ka kuma gayyace shi ya kawo baƙinsa ƙofar gidanka da safe. Mai son sanin ko unguwa tana tare da mutum, a kan tabarmar suna zai fi gani.

Mai yiwuwa ya ji zafi da farko, ka ba shi wannan. Idan kuwa ya kafe sai dai duka ko babu, to ka zaɓi gida, ka gaya masa da wuri don ya nemi wani taron ya cike zaurensa. Masu zuba jari ba kan suna ɗaya za su yanke hukunci ba, kuma mai wutar da ya iya aikinsa ba a rasa buƙatarsa. Amma maƙwabcin da aka tsayar a bakin katanga zai daɗe bai manta ba, yarinyar kuma a cikin mutanen nan za ta tashi, su za su riƙa ɗaukarta suna mayar da ita gida in ta yi nisa da wasa.

Tashi ka fara da ɗakin surukarka, Baba. Allah ya ba mai jego lafiya, ya albarkaci kasuwar abokinka, ya sa ka ga auren wannan jika da idonka.

Gwaggo Nafisat