Motar Rimot a Shingen Sojoji

Assalamu alaikum Yaya Sadisu,

Ina fata kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya zafin Jidda? Mu nan Dukawuya alhamdu lillahi, sai dai zaman ɗarɗar. Yanzu ko taya ce ta fashe, kowa sai ya ranta a na kare.

Ka tuna motar rimot da ka aiko wa su Ummi? Batirinta ya daina riƙe caji. Na haɗa ƙananan batura da salatif na jona waya, amma tana ɗan tafiya sai ta mutu. Ranar Asabar na sa ta a leda zan nemo sabo a Ƙofar Wambai. Sam hankalina bai kawo komai ba.

A shinge soja ya buɗe ledar, ya ga batura da wayoyi da rimot. Ya ja da baya ya saita ni. Mutane suka dare.

Na ce, "Yallaɓai, wallahi ta yara ce."

Ya ce, "Ajiye ta tsakanin ƙafafunka, ka danna!"

Na danna, shiru. Yaya, sai da na yi kalmar shahada. Na sake dannawa, ta yi ƙugi, ta ɗan gangara, ta tsaya. Iyakar cajin da ya rage ke nan. Sannan ya sauke bindiga.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a a Harami. Batiri kuwa, don Allah kada ka aiko. Na ɗaura mata zare, su Ummi suna ja.

Ƙaninka,
Nasiru