Kwando na Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa Gwaggo sauƙin ƙafa, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Na ji 'yan biyu sun fara tafiya, har ɗaya na tsayawa ya yi wa ɗaya dariya in ya faɗi. Allah Ya raya su. Mu ma muna nan da rai. Bayana ne dai ba ya son tsayuwar ɗakin wankin asibitin nan, amma ni da shi mun daina gardama, kowa ya san ba inda za shi.

Na daɗe ban rubuto ba, kuma ba zan fake da aiki ba. Magana ce nake ta juyawa a baki, ta 'yata Ƙarama, takwarar Inna. Kin san tun da yaran makarantar can suka turo ta daga kan matakala saboda in'inarta, har hannunta ya karye, na cire ta na koma koyar da ita a gida. A nan ba a yin haka sai da izinin ofishin ilimi, kuma sukan turo mutum ya duba ko yaro karatu yake ko zaman banza. In bai gamsu ba sai a soke izinin, a mayar da yaro makarantar unguwarsu. Makarantar unguwarmu kuwa ita ce waccan, da matakalarta da yaranta, ba abin da ya canza sai fenti.

Wadda aka haɗa mu da ita wata doguwar mace ce mai jakar fata da ba ta taɓa ajiyewa a ƙasa, kullum a kan cinya. Ƙarama ta sa mata suna Mai Jaka. Ba zan zalunce ta ba, Yaya, ba muguwa ba ce. Tana cire takalmi a bakin ƙofa ba sai an ce mata ba, kuma tana jira yarinyar ta gama kalma, ba ta ƙarasa mata kamar yadda mutane ke yi. A zuwanta na farko ta yaba lissafi, ta yaba rubutu. Da aka zo kan tarihi sai Ƙarama ta rufe littafi ta zubo mata babi guda da ka, labarin wani birni mai ganuwa da aka yi wa ƙawanya har ya faɗi. In tana karatun ka in'inar guduwa take yi. Ni ina gefe ina ta kumbura kamar ni na rubuta littafin. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wannan ai rediyo ma zai iya. A shekarun Ƙarama, in ji ta, abin da ake nema shi ne yaro ya iya fitar da ƙashin darasi: manyan kanu a sama, ƙananan kanu a ƙarƙashinsu, kowanne da 'yar hujjarsa, duk a shafi ɗaya. Ta ce za ta dawo ta gani.

Kin san gidan da muka tashi. Baba in ya ɗauko labari sai ya faɗi wanda ya kawo wa baƙo ruwa da sunan uwarsa, wanda kuma ya ce a taƙaita ya sha harara. Jinin nan ne a jikin yarinyar. Na ce ta ja layi ƙarƙashin abu mai muhimmanci, ta ja wa shafin duka. Na ce ta faɗa mini babin cikin numfashi ɗaya, ta ce to sai in aro mata huhun saniya. Nakan dawo daga aiki da la'asar, ƙafafuna a kumbure, mu zauna kan dardumar falo muna abu ɗaya har a kira magariba, ba ci gaba.

Da na rasa dabara sai na koma ga abin da na sani. A wurin aikinmu kaya na saukowa daga ɗakunan marasa lafiya a cakuɗe, mu kuma mu ware: zannuwan gado kwandonsu, rigunan ma'aikata kwandonsu, tawul kwandonsa. Akwai na huɗu, ja, na abin da wanki ba zai fitar ba. Shi ba ya ganin inji, bayan gini ake kai shi. Na sa aka kwafo mini babin, na bi shi da almakashi jimla-jimla, na jera kwanduna huɗu a falo, na huɗun ja kamar na wurin aiki. Na farko abin da ya jawo yaƙin, na biyu yadda aka gwabza, na uku abin da ya biyo baya, na huɗu abin da darasi zai tsaya ko babu shi. Wallahi Yaya, abin ya yi aiki. Ba a jima ba ta fi abokan aikina saurin warewa. Sai ta juye kowane kwando a kan darduma, ta sa babbar magana can gefe, ta tura ƙananan ciki kaɗan, ta kwafe a takarda. Har tsokana ta take, wai malamin tarihi da warin sabulu ba a taɓa yi ba sai a gidanmu.

Wata rana ta tambaye ni me ake yi da kwando na huɗu a wurin aiki. Ina kishingiɗe, idona rabi a rufe, na ce ƙonawa ake yi. Na buɗe ido na same ta ta juye shi tana karanta guntayen ɗaya bayan ɗaya. Matan da ke fita ɗiban ruwa ta wata ɓaraka a ganuwa suna ciki. Makahon da ke kaɗa ƙararrawa yana ciki. Yaran da aka fitar bayan ƙofar birni don masu cin abinci su ragu, su ma suna ciki. Ta ce ya aka yi sarki bai taɓa faɗawa nan ba. Na ce littafin layi ɗaya kawai ya ba waɗannan. Ta ce ashe shi ma marubucin yana da jan kwandonsa.

Da Mai Jaka ta dawo, Ƙarama ta miƙa mata shafinta, tsaf, ba gogewa ko ɗaya. Sai dai manyan kanun su ne masu ɗiban ruwa, da mai ƙararrawa, da yaran da aka fitar. Sarki yana can ƙasa, an tura shi ciki, cikin jerin waɗanda ba su taɓa kwana da ƙishirwa ba. Matar ta karanta, ta sake karantawa. Ta ce tsarin ba shi da aibu, kuma na ga da gaske take. Amma daga nan tambayoyinta suka bar tarihi. Ko yarinyar na wasa da sa'o'inta. Ko tana barci sosai. Wa ke zama da ita in na tafi aiki, tunda mahaifiyarta ta rasu. Ta dubi guntayen takarda a ƙasa, ta dubi labulen da Ƙarama ba ta yarda a ɗaga, ta dubi jan kwandon. Sannan ta sauke jakarta ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, ta ɗora takarda a cinya ta daɗe tana rubutu. A bakin ƙofa ta ce za ta dawo cikin watan nan tare da wani daga ofishin kula da yara. Ba ta faɗi rana ba.

Na yi fushi, na zage ta a raina har na gaji. Amma in na zauna na duba, wace tambaya ta yi da ba ta kan hanya? Yarinya tana wuni ita kaɗai tsakanin bango huɗu, abokin hirarta uba ne da ke gyangyaɗi. Ni ma da a ce an aiko ni gidan wani na ga haka, da na rubuta.

Tun ranar in'inar ta dawo da ƙarfi, har sunana na Baba sai ta yi kokawa da shi. In mota ta tsaya a ƙasan bene sai ta daina taunawa. Shekaranjiya na dawo na tarar ta ware kayanta kaf a kwandunan nan, na sanyi, na zafi, littattafai. Na huɗun ta ajiye a bakin ƙofa inda muke tara shara, da rigar makarantar can a ciki, da siket, da takalmin.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. In aka soke izinin nan, ina roƙon ki karɓe ta. Gidanki cike yake da yara, makaranta na kusa da ku, kuma babu wanda zai taɓa ta kina raye. Na fi son in shigo in tarar da ɗaki ba kowa da in sake tsayawa a ƙasan matakalar can. Ki yi shawara da maigidanki, kada kunyata ta sa ki amsa abin da zai yi miki nauyi. In kin ce a'a, ba zan riƙe ki ba, na san gidan ya riga ya yi muku kaɗan.

Ki gaishe mini da maigidan naki, da Gwaggo, da Kawu mai gyaran rediyo, ki ce masa an ce jikarsa ta kusa ƙwace wa kayan aikinsa sana'a. Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Kayan makarantar ban zubar ba. Na tafi da su wurin aiki a ɓoye, na wanke, na goge, suna saman kabad inda hannunta ba ya kai. Ita tana tsammanin an ƙone su. In matar nan ta riga amsarki isowa, ni da hannuna zan sauko da su. Ki yi sauri, Yaya.

Naki,
Ƙaninki