Takardar Bankin Yaya Habibu

Daren Laraba, Birnin Kudu

Yau na ce wa Yaya Habibu a'a, kuma har yanzu ban yi nadama ba.

A bakin asibiti ya tare ni bayan na tashi daga aiki, da takardu a hannunsa. Wai banki ya sassauta ba da bashin gida, yanzu ma'aikacin gwamnati ɗaya kawai suke so ya tsaya wa mutum. Ya ga wani gida mai ɗaki uku a hanyar Gwaram, ya shiga ransa.

Ya ce, "Hannu kawai za ki sa, Rabi. Kowa karɓa yake, ga gidaje kullum sai ƙara tsada suke."

Na ce, "Yaya, ai karɓar da kowa ke yi ce ta sa suke tsada. Ranar da motar hayarka ta kwanta a gareji, wa zai biya? Albashina za su riƙe, ga kuɗin ruwa a kai."

Na gaya masa filin da Baba ya bar mana a Basirka yana nan, na bar masa rabona, ya fara da ɗaki ɗaya. Ya naɗe takardunsa ya tafi ko sallama babu. Tunda nake ban taɓa yi masa musu ba. Amma na san gaskiyata.

Bayan sallar isha'i sai ga kiransa. Bai ambaci banki ba. Ya ce, "Rabi, bulo nawa ke tada ɗaki ɗaya?"