Tulu Mai Fuska Biyu

Litinin, 2 ga Fabrairu, 1959

Na'Allah magatakarda ya zo unguwarmu ta magina. Wai a gina tuluna masu kyau, za a jera a fili saboda bikin mulkin kan Jihar Arewa. Da ya zo kaina sai ya yi ƙasa da murya: "Madina, ke ki huta, ranar ta 'yan ƙasa ta." To ni 'yar ina ce? A Tambuwal aka binne cibiyata. Baturen safiyo, mai awon ƙasa, da ya yi wa Inna cikina ya kama hanyarsa tun ban faɗo duniya ba, ko tsumma bai bar mini ba sai wannan farar fatar da kowa ke kallo.

Zan gina nawa.

Juma'a, 6 ga Fabrairu

Na je Kebbe wajen kawuna, na haƙo farar ƙasa. A can ne Baturen ya sauka yana awon hanya. Jan yumɓun Tambuwal zai zama fuskar Inna, farar ƙasar ta zama tasa, a jikin tulu ɗaya. Ban taɓa ganinsa ba, amma zan yi masa hanci kamar ƙotar gatari. In sun ga dama su yi dariya, shi za su yi wa.

Talata, 10 ga Fabrairu

Inna ta ga tulun da na fara ginawa, ta juya baya ta ci gaba da daka.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Goggo Atu, wadda ke da iko da ramin da muke gasa tukwane, ta leƙo ta gani. Ta yi salati, ta ce, "Wanga gunki na, ba shi shiga wutammu. Kuma ga kauri, in ya fashe shina kashe muna tukwane duka." Na ce gunki bauta masa ake yi, ni kuwa tona masa asiri zan yi. Ta ce in ban rushe shi ba, ko kaskona kada ta sake gani a ramin. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da tukwanen nan muke ci ni da Inna, kuma Goggo ta sani sarai.

Ban rushe ba. Na fara tara kara da busasshen kashin shanu a bayan gida, zan gasa ni kaɗai.

Laraba, 25 ga Fabrairu

Yau da hantsi Inna ta tsuguna gaban tulun, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ta ce, "Goggo ta yi gaskiya wajen kauri." Ta ɗauki sakaina ta yi ta kankare cikinsa. Can sai ta yayyafa wa farar fuskar ruwa, ta sa babban yatsa ta danne hancin, ta gyara bakin. "Ba haka shike ba. Mugu na, amma ba mummuna ba na." Tun da nake ban taɓa jin ta yi maganarsa ba sai yau.

Da ta tashi na duba. Bakina ne sak. Na ji haushi, na rasa wa nake jin haushi.

Talata, 3 ga Maris

Mun gasa, ni da Inna. Matan unguwa na leƙe ta saman darni suna jiran su ji ƙarar fashewa. Ba su ji ba.

Alhamis, 5 ga Maris

Ya fito. Gefen Inna ja jawur, lafiya lau. Gefen Baturen ya tsage daga goshi har haɓa, dama farar ƙasa ba ta jure wuta. Na ce madalla, haka ya dace da shi.

Goggo har yanzu ba ta amsa gaisuwata. Na'Allah ya aiko cewa ba wurin tuluna a fili. Ni zan ɗauko shi a kaina in dire a gabansu, wanda ya isa ya ɗauke.

Da la'asar na dafa ƙaro, na zauna ina like tsagar a hankali har ta ɓace. Inna ta tsaya tana kallona. Na ce mata ruwa ne ba na so ya zuba. Ta ce, "To."