Fim ɗin da na kunna wa surukina

Zuwa ga Yaya Abarci, a Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Dakoro sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗa da awaki, gero kuma ya shiga rumbu.

Yaya, na zaɓi rubutu ne don a waya bakina ba zai iya ba, kai ma dariya ba za ta bar ka ka ji ƙarshe ba. Ka san tun da Aisata ta tafi gidansu Tagriss wankan jego ba ta dawo ba. Arba'in ta wuce tuni, yarinya har ta fara zama. Kullum sai in shirya zuwa roƙon a maido mini iyalina, in na tuna idon mahaifinta, Baffa Samba, sai in fasa.

To, ranar kasuwar da ta wuce ya kawo bijimai, ya sauka wurina. Na ce a raina yau kam sai na yi magana. Bayan la'asar muna zaure, sai ya ce ya ji a rediyo wai an ƙera na'ura mai tunani da magana kamar mutum, ko gaskiya ne? Ni da son a sani, na ce ai fim ɗinta ma ina da shi. Mai tura finafinai na bakin tasha ne ya sa mini, ya ce labarin na'ura ne, da fassarar Hausa. Wallahi ban taɓa kallonsa ba, amma na kunna mana shi a talabijin.

Ashe fim ɗin soyayya ne, na ban dariya. Wani saurayi ya sayo na'ura mai siffar mace don ta share masa gida, sai ya kamu da sonta. Duk sanda ya durƙusa zai faɗa mata, sai cajinta ya ƙare, ta sandare da tsintsiya a hannu. Mai fassara kuma ba ya tsoron Allah, sai ƙara gishiri yake, rabin raina, hasken idona, a gaban surukina! In na kashe, na nuna na gane abin da ake yi. In na tashi, na bar dattijo shi kaɗai da wannan abu. Kuran, wutar lantarkin da kullum ake ɗauke mana, ranar ya ƙi tafiya. Baffa ya kafa wa sandarsa ido, ni na kafa wa tabarma, har saurayin ya samu ya faɗi maganarsa aka tashi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ina jiran ya ce ɗiyarsa ba za ta zauna gidan da ake kallon wannan ba. Sai ya miƙe ya gyara rawani, bai dube ni ba, ya ce, "Yaron nan wawa ne, amma ya buɗe baki ya roƙi abin da yake so, ko da ƙarhe ne. Tawa ɗiyar mutum ce. Duk moton da ya tsaya ƙohwar gida sai ta leƙa."

Yaya, kunyar fim ɗin ba komai ba ce a kan wannan. Ina ta tsaron mutuncina gaban uba, na bar 'yarsa tana zaton ba na nemanta. Da na yi niyyar roƙonka ka kira shi a madadina, amma na fasa. Asabar zan hau moto in tafi da kaina. Addu'arka kawai nake nema, sai kuma kada 'yar'uwarmu Lami ta ji, don in ta ji, dangi duka sun ji.

Ka gaishe mini da Anti Sharifa, da Amiru, da Suwaiba. Inna tana sa muku albarka.

Ƙaninka,
Zaharaddini