A Mayar da Sunan Babana Cikin Masu Koyon Kwamfutar Mota

Zuwa ga Injiniya, shugaban sashen gyara na garejin da ke Al Khabaisi, a Dubai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya zafin gari?

Ni ce Nana Fadima, 'yar Malam Isufu bakanike, mutumin Maraɗi, wanda ya shekara goma sha bakwai a garejinku. Ka san ni. Ni ce wadda idan kun zo gaisuwar Sallah gidanmu a Al Muraqqabat nake ajiye shayi in gudu ɗaki. Ko kallon idonka ba na iyawa, shi ya sa na rubuta. Na kuma sa wasiƙar a zauren Hausawan Dubai na intanet ne domin sau biyu Baba yana neman ganinka ana ce masa kana mitin.

Maganar ita ce: an cire sunan Baba daga jerin waɗanda za su fara kwas ɗin kwamfutar mota ranar Litinin, kuma an liƙa sanarwa cewa wanda bai yi kwas ɗin ba, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Bizarsa da tamu duk a kan aikin nan suke. Ni kuma shekara ɗaya ta rage mini in gama sakandare a garin da aka haife ni.

Na farko, Baba bai taɓa ƙin kwamfuta ba. An ɗauke shi aiki ne saboda manyan motocin Amurkan nan na da, masu silinda takwas, waɗanda Larabawa ke ajiyewa suna shafawa kamar jarirai. A littattafan soyayyar da nake karantawa, irinsu saurayi ke zuwa zance da su, kuma ba su taɓa mutuwa a hanya ba. Ni dai na san suna mutuwa, na kuma san wanda ke tayar da su. Kafireto ne ke haɗa musu iska da mai, sai bakanike ya juya ɗan sukuru yana saurare har injin ya daidaita numfashi. Baba yakan dafa kan sukudireba a jikin inji, ya kai ƙotar kunnensa, ya rufe ido. Da sababbin motoci suka zo da injekta da sensa da kwamfutar da ke auna mai da kanta, har totur ma ya zama na lantarki, Baba bai yi fushi ba. Cewa ya yi, “Wallahi sun fi tashi da safe, sun fi tsimin mai.” Tun bara, bayan la'asar, nake fassara masa bayanin lambobin da na'urar bincike ke nunawa, yana rubuta ma'anarsu a littafi.

Na biyu, an ce an cire shi ne don ba ya karatu. Injiniya, wa ya tambaye shi? An miƙa masa fom na Turanci a tsaye, mai raba fom yana ta “yalla, yalla”, wato a yi sauri, sai Baba ya ce a ba shi ya kai gida. Shi ke nan aka rubuta cewa bai iya karatu ba. Baba ya yi makarantar koyon sana'a a Nijar, takardar shaidarsa tana nan cikin akwatin Mama. Da Faransanci ya yi. Littafin da na faɗa maka, da Faransanci ya cika shi, da rubutu mai kyau wanda ya fi nawa. Lambobin kwamfutar mota kuwa ba su da yare, yadda suke a Turanci haka suke a kowane harshe.

Na uku, wannan ce ke mini wuyar faɗa, amma sai na faɗa. Jar motar nan sabuwa da ta dawo gareji sau uku da fitilar inji a kunne. Na'ura ta ce iskar da ke shiga inji ta fi fetur yawa. Aka canza sensa, ta dawo. Aka sake canzawa, ta dawo. A zuwa na ukun Baba yana wucewa ya tsaya, ya ce shi yana jin wani ɗan huci. Ya bi da hannu, sai ga tiyo da zafi ya tsaga ta ƙasa, yana zuƙo iskar da kwamfutar ba ta ƙirga ba. Ita ba ta yi ƙarya ba, ta faɗi abin da ke damunta, inda yake ne ba ta sani ba. Kuskuren Baba shi ne ya faɗa a gaban mai motar, kana tsaye. Shi da kansa ya ce bai kyauta ba, da ya ja ka gefe. Bayan kwana huɗu aka liƙa jerin, babu sunansa. Ban ce wannan ne dalili ba, Allah ne masani. Amma a gidanmu kowa ya ƙirga kwanakin.

Tun ranar aka mayar da shi wajen canza taya da mai. Yana dawowa ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta. Mama ta fara tambayar 'yan kago nawa ake kai akwati Yamai.

Ga abin da nake roƙo, Injiniya. A mayar da sunansa cikin jerin. Ban ce a ɗaga masa ƙafa ba. A yi masa jarrabawa kamar kowa, a ajiye masa mota, a ba shi na'ura, a gani. Idan tambayoyin rubutu ne, a bar shi ya amsa da Faransanci, ko kai da kake jin Hausa ka tambaye shi baki da baki. Idan ya faɗi, khalas, magana ta ƙare, za mu ɗaure kayanmu ba tare da mun riƙe kowa a zuci ba. Amma kada a kayar da shi a jarrabawar da ba a bar shi ya shiga ba.

Kada a ce shi ya sa ni. Sai da na gama na karanta masa. Ya ce in goge, na ce a'a, karo na farko a rayuwata. Sai ya ce to, in gyara wuri ɗaya: na rubuta tiyon ya tsage ta sama, alhali ta ƙasa ne. Na gyara.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai Baba zai tsaya a ƙofar ajin da bironsa. Ni ma zan tsaya a bayansa da kayan makarantata, ko da zan makara. In ba za a buɗe masa ba, muna roƙon ka fito da kanka ka gaya masa dalili.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka gama da aikin nan lafiya, Ya nuna mana gaskiya baki ɗaya.

Wassalam, 'yarka,
Nana Fadima Isufu,
Al Muraqqabat.